Rigar Tafiyar Doña Crispina

Eulogia, wadda duk garin Juchitán ke kira Locha, a sunkuye ta tsufa kan katakon surfani, har wuyanta ya daina miƙewa sosai. Furanni take ɗinkawa a kan karammiski, manya-manya, ja da ruwan ɗorawa da shunayya, irin waɗanda mata ke sawa ranar bikin waliyyi. Mijinta ya tafi arewa neman aiki tun yara na ƙanana, bai dawo ba, ita ma ba ta bi sawunsa ba. Da allura ta ciyar da 'ya'ya uku, ta aurar da su. Mace ce mai jiki, mai murya, mai son a yaba mata. Wannan na ƙarshen shi ya ja mata.

Uwarta, Doña Crispina, ita ta koya mata sana'ar, da zagi da ranƙwashi. Doña kalmar girmamawa ce da suke kiran babbar mace da ita a can. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, busasshiya kamar jatan landen da ta koma sayarwa a kasuwa bayan idonta ya daina ganin kafar allura. Gida ɗaya suke zaune, kuma ba a taɓa jin ta ce wa aikin Locha ya yi kyau ba. Iyakarta ta shafa ta ce, "Za a saya."

A garin nan kowace mace tana da rigar tafiyarta. Tun da sauran ƙarfinta take ɗinka ta, ta ninke ta sa a ƙasan adaka, ta gaya wa 'ya'yanta cewa ranar da ta mutu da ita za a saka ta a akwati. Ta Doña Crispina baƙin karammiski ce, da jajayen furanni da ta ɗinka da zaren siliki lokacin idonta na da kaifi. Sauran kaya kuwa aro ake yi. Riga, siket, sarƙar zinariya, duk suna yawo gida-gida lokacin biki. Kuma in mai abu ta aiko, a ranar ake mayar mata, ko da a jikin mai aron yake.

Tun kafin a haifi Locha, wata mai zane a babban birni ta ɗauki shigar matan nan ta mayar tata, ta riƙa zana kanta a ciki. Ta daɗe da mutuwa, amma fuskarta ta ƙi mutuwa. Tana kan jakunkuna, tana kan kofuna, tana kan rigunan 'yan yawon buɗe ido, da girarta a haɗe da furanni a ka. Matan Juchitán kallon 'yar aro suke mata, wadda ta yi suna da kayan mutane, amma ba wadda ke ƙin cinikin da ta jawo.

Wata shekara sai ga wata budurwa mai suna Araceli daga wani gidan baje kolin zane a birnin Oaxaca. Za su yi babban nuni don tunawa da mai zanen, suna neman tsofaffin riguna na ainihi da za a jera kusa da hotunanta. Ta shiga gida-gida. Da ta zo wurin Locha ta duba aikinta ta yaba cikin ladabi, ta ajiye.

"Yana da kyau, Doña, amma tsohon hannu muke nema."

Romelia, maƙwabciyar Locha kuma ƙawarta tun suna 'yan mata, tana zaune a bakin ƙofa tana ɓare gyaɗa. Ta ce, "Ai ta gwaggona suka ɗauka jiya. Ke dai ƙawas, ki ci gaba da ɗinka wa 'yan rawa, gidan gilashi ba na kowa ba ne."

Doña Crispina tana kasuwa. Locha ta tashi ta shiga ɗakin tsohuwar, ta buɗe adaka, ta zaro rigar daga ƙasa ta shimfiɗa a kan tebur. Araceli ta sa hannu ta rufe baki. Romelia ta daina ɓare gyaɗa.

"Locha," in ji ta, "wannan fa..."

"Ta uwata ce. Aro za a yi, ba sayarwa ba. Ko ba haka ba, 'yata?"

"Aro ne, Doña, amma mai tsawo. Bayan Oaxaca za a zaga da kayan wasu ƙasashe. In sun shiga hannunmu ba a cire su sai an gama."

"To, to. In na buƙata dai na zo."

"Ba haka abin yake ba, Doña..."

Locha ta kaɗa hannu. Ta sha jin masu aro suna irin wannan magana, kuma ba a taɓa hana ta kayanta ba ranar da ta aika. Tsohuwar kuma ƙalau take, kullum tana faɗa da masu saye kan awo.

Da damina ta wuce mata suka fito da kayan adaka suna shanyawa, kamar kowace shekara. Doña Crispina ta ce a fito da tata.

"Na riga na shanya ta, Mama, kina barcin rana."

"Ke? Yaushe kika fara aikin da ba a sa ki ba?"

Tsohuwar ta bar maganar a nan.

Ba a daɗe ba tsohuwar ta yanke jiki ta faɗi a bayan kwandon jatan landenta. Likita ya ce zuciyar ta gaji, a kai ta gida ta huta. Kowa ya gane abin da yake nufi. Da ta farfaɗo, abin da ta fara cewa shi ne, "Ɗauko min rigata in taɓa."

"Makullin ya ɓace, Mama. Gobe zan kira maƙeri."

Da sassafe Locha ta bar Romelia da jinya ta hau motar Oaxaca, da jakar da za ta sako rigar a ciki.

A gidan baje kolin ta sami rigar a tsakiyar babban ɗaki, cikin gilashi, a jikin mutum-mutumi marar kai, fitila na haska ta daga sama. A bango ga hoton mai zanen, ya fi ƙofa tsawo. Mutane sun yi cincirindo, amma ba hoton suke kallo ba, rigar suke kallo. Wata Baturiya ta kusa manna hancinta a gilashin. A ƙasa an rubuta sunan Crispina da harufan zinariya. Locha ta tsaya, kuma gaskiyar magana daɗi ta ji. Ta daɗe tana jin daɗin kafin ta tuna abin da ya kawo ta.

Araceli ta fito da fara'a. Da ta ji bayani fara'ar ta ɗauke.

"Rigar binnewa ce? Doña, da kin faɗa min da ban taɓa ta ba!"

"To yanzu na faɗa. Buɗe ki ba ni."

Yarinyar ta yi iya yinta. Ta shiga ofis ta fita, ta buga waya nan da can, har idonta ya yi ja. Amma kayan sun riga sun fita daga ikonta. Ƙarshen mako za a rufe nunin, a ɗaure komai a kai ƙasar Japan, kuma cire abu ɗaya sai manyan can da na nan sun zauna, abin da zai ci watanni.

"Ai na gaya miki, Doña," in ji ta a hankali.

Ta gaya mata kuwa. Locha ta ɗauki hoton rigar da wayarta, gaba da baya, ta koma tasha da jakarta wayam.

A gida ta sayi baƙin karammiski da zaren siliki don su ɗinka irinta, suka ɗaura a katako a ɗakin Romelia, su biyu suka sunkuya. Aikin da ya ci wa tsohuwar shekaru suke so su gama cikin makonni.

"Makauniya ce fa," in ji Locha. "Launi kawai take gani."

"Makauniya a ido," in ji Romelia. "Uwar taki da ke gane jatan landen jiya da ɗan yatsa? Ni dai ina taya ki ne don kar a ce ban taya ba. Kuma bakina ne ya fara jawo wannan, na sani."

Kullum tsohuwar sai ta tambayi maƙerin, kullum Locha sai ta ƙirƙiro masa sabuwar ƙarya: ya yi tafiya, matarsa ta haihu, ya sha ya bugu. Ranar da suka gama, ta turara rigar da ganyen da ake sawa a adaka, ta kai mata da hantsi.

Doña Crispina tana kwance a gadon lilo. Ta karɓa ta shafa furannin, sannan ta juya rigar ciki-waje ta bi bayan ɗinkin da yatsa.

"Wannan ƙullin Romelia ne. Tun tana yarinya kamar mai ɗaure akuya take ƙulli." Yatsan ya matsa. "Wannan kuma gaggawarki ce. Ina tawa?"

Locha ta zauna a ƙasa, duk girman jikinta, ta faɗa mata komai. Har daɗin da ta ji a gaban gilashin ba ta ɓoye ba.

Tsohuwar ta ajiye rigar a kan cinyarta.

"Japan ɗin ina ne?"

"Bayan teku, Mama."

"Ni da ko Oaxaca sau ɗaya na taɓa zuwa. Kusa da mai girar nan suka sa ta?"

"Kusa da ita. Amma taki ake kallo."

"To da wa za a kalla?" Ta ture sabuwar rigar ta faɗi ƙasa. "Wannan ki sayar wa 'yan rawa. Ba zan je gaban Ubangiji da ƙullin Romelia ba. Ɗauko taki."

Locha ma tana da tata a adaka, koren karammiski mai duhu, wadda ta yi shekaru tana ɗinkawa a ranakun da ba ciniki. Ita ce aiki mafi kyau da hannunta ya taɓa yi, kuma ba ta taɓa nuna wa uwar ba don gudun a ce mata za a saya. Ta ɗauko. Tsohuwar ta juya ta, ta bi bayan ɗinkin tun daga wuya har ƙasa, ba ta yi sauri ba.

"Sa min."

Locha ta ɗaga ta ta zura mata. Rigar ta haɗiye ta, kafaɗun suka sauko har gwiwar hannu.

"Kamar an sa wa tsintsiya buhu," in ji Doña Crispina. "Haka zan tafi. Ke kuma in tawa ta gama yawon duniyarta, ki sa ta ki zo ki same ni, in ga yadda za ki shiga ciki."

Kafin wata ya ƙare ta rasu. Locha da kanta ta tattare rigar ta baya ta kama da allurai don ta zauna a jikin gawar. Matan da suka zo gaisuwa duk sun san kore ba launin Crispina ba ne. A gidan ba wadda ta ce uffan. A kasuwa suka faɗa, kuma sun daɗe suna faɗa.

Bayan shekara biyu Araceli da kanta ta kawo rigar, cikin faffaɗan kwali, an naɗe ta da farar takarda, ko zare ɗaya bai tashi ba. Ta ce dubban mutane sun gan ta. Locha ta ba ta abin sha, ta raka ta bakin titi, ta dawo ta kara rigar a ƙirjinta. Ko rabin faɗinta ba ta rufe ba.

"Farke gefe ki ƙara ƙyalle mana," in ji Romelia. "Wa zai leƙa hammatar gawa?"

"Ba na taɓa ɗinkinta."

"To ki ɗinka wata."

"Ita ta ce in sa."

Locha tana nan har yanzu, tana surfani, tana sayar wa baƙi rigunan da suke saya don su yi kama da mai zanen. Ta daina cin soyayyen abu, ta daina shan mai zaƙi, kuma in an tambaye ta sai ta ce likita ne ya hana. Duk ƙarshen damina, ranar shanya, takan rufe ƙofa ta gwada rigar. Bara ta samu ta zura hannu ɗaya. Ɗayan ya ƙi.