Gariba Mai Makullin Famfo

Gariba bai taɓa haƙa rijiya ba, bai taɓa ɗora bokiti a ka ba, amma duk Zongo Sarkin Ruwa ake ce masa. Sarautar ba ta wuce makulli guda ba, ɗaure da igiya a wuya. Tun yana da baƙin gashi gwamnati ta ba shi tsaron famfon layinmu, shi ke buɗewa, shi ke rufewa.

Famfon gwamnati kuwa kun san halinsa. Ya zo yau, ya yi tafiyarsa sai wani sati. Ranar da ya ga dama ya yi tari, sai ka ji Gariba yana bin lungu yana ihu, "Nsuo aba! Ruwa ya zo!" kamar daga aljihunsa ya zaro shi. Mata su fito da galan-galan, mai koko ta aiko masa da kofi, mai ƙosai ta ƙara masa gyara. Ya ci, ya sha, ya zagi gwamnati. "A ba kamfani abin nan mana! Ku je unguwar Kwadaso ku gani, can ba wanda ya san layin ruwa."

Allah ya amsa masa. Wani kamfani ya zo ya haƙa bohol, ya ɗora baƙin tanki bisa ƙarafa, ya sa mita. Ruwa safe da yamma, sai dai ka biya. Suka ɗauki Gariba, suka ba shi riga mai sunansu a baya da sabon makulli. Manajan, Abdul-Wadud, ɗan unguwar Buokrom ne, mai ladabi. Doka ɗaya ya kafa masa: duk ruwan da ya bi ta mita na sayarwa ne.

Koko ya tsaya. Wa zai lallashi mutum a kan ruwan da ba ya yankewa? Gariba ya ɗan rame, amma makulli na wuya, ana kuma ce masa Sarki, to da sauƙi.

Sai tsoho Issifu tela ya rasu. A Zongo ba a sayar da ruwan wankan gawa, gidan rasuwa kuma ba ya bin layi. 'Yarsa Nasiba ta zo da bokiti, Gariba ya buɗe mata, ya ce ta mayar da kuɗinta bakin zane. Har nan ba mai cewa ya yi laifi. Amma Issifu mutumin kowa ne. Abibatu ta zo, ta ce na dafa wa masu gaisuwa ne. Faridatu ta ce na alwalar masu jana'iza ne. Wata ta zo da baho cike da wanki, ta ce ai marigayin ne ya ɗinka kayan.

Ni da ke tsaye a wurin na ce, "Sarki, Issifun da bai kai buhun gawayi nauyi ba, tanki guda za a wanke shi da shi?"

"Mma, ki ji tsoron Allah. Ni zan tsaya ina auna wa gawa ruwa?"

Kafin la'asar tanki ya ƙafe. Gariba na tsaye ana ta sa masa albarka; ban taɓa ganin sarauta ta karɓe shi irin ranar ba.

Abdul-Wadud ya zo ranar sadakar uku. Ya zauna a tabarma, ya yi ta'aziyya, aka shafa fatiha, sannan ya ja Gariba gefe.

"Baaba, da ka kira ni. Ni ma Musulmi ne, ruwan wankan ni zan ɗauka."

"Gawa ce za ta jira waya?"

"Gawa ba ta wankin zannuwan gado, Baaba."

Abdul-Wadud ya sa hannu biyu, har da rusunawa, ya karɓi makulli. A zamanin gwamnati ba wanda ya taɓa zuwa duba Gariba, balle a kore shi. Kamfani kuwa bai bari an kai sadakar bakwai ba.

Mata sun yi ta tsine wa kamfanin, suna tsaye a layinsa, don ruwansa bai fasa zuwa ba. Da baki ya gaji, aka haɗa hannu aka sayi duro aka ajiye bayan masallaci, duk wadda ta ɗebo ta zuba kwano guda saboda ranar rasuwa. Aka rasa mai dubawa. Gariba ya ce shi ba don komai ba, don Allah zai yi. Washegari muka tarar ya sa wa murfin kwaɗo. Yanzu ko liman ke son ruwan, sai ya aika a nemo masa Sarki.