Sandar Inna Bae

Da asubar fari, kafin motar ma'aikata ta iso, Gwak Man-ho yana kan tsani a masaƙar safa da muke aiki a birnin Daegu, yana goge gilasan rufi da doguwar sanda mai tsumma a kai. Ba aikinsa ba ne. Shi mai gyaran lantarki ne, shekara ashirin da biyu yana yi. Da ya ji takun mutum sai ya sauko ya tura sandar bayan buhunan zare.

Sandar ta Bae Sun-rye ce, tsohuwa mai shara da kowa ke kira Inna.

Gwak ne ya kafa 'yar na'ura a rufin, mai auna hasken rana. In rana ta shigo sosai, fitilu su rage da kansu. In hadari ya haɗu, su ƙaru. Wutar da masaƙa ke sha ta ragu, aka ba shi allon yabo na katako, aka rataye a ɗakin cin abinci. Abin da bai faɗa wa kowa ba shi ne burbushin auduga. Injinan saƙa ke tayar da shi, ya manne a gilashi. In an bar shi sati uku, na'urar ta ɗauka dare ya yi, ta kunna komai. Inna ke gogewa kullum, ba wanda ya sa ta.

"Injiniya," takan ce, "na wanke wa ɗan naka fuska. Kai ko taka ba ka wanke ba."

"Inna, sauko kar ki faɗo mini kan waya."

"Ni da nake hawan dutse tun ba a yaye ka ba?"

Da aka tashi rage ma'aikata, manaja ya tambayi Gwak a gabanmu ko na'urar tana bukatar hannun wani. Gwak ya dubi allon, ya ce ita ke kula da kanta. Inna tana tsaye da bokitinta tana ji. Ƙarshen wata aka sallame ta, ta sunkuya ta gaishe mu, ta jingine sandar a ƙofar ɗakin kayan Gwak, ta tafi.

Wata biyar yana gugar nan a ɓoye. Da rana yakan ci shinkafarsa ya ba allon baya. Ran nan ya je kasuwa, inda Inna ke wanke kwanuka a rumfar taliyar 'yar ƙanwarta. Ta ajiye masa kwanon taliya, da kimchi, kabeji mai yaji, a gefe.

"Ka rame, Injiniya. Reno ba sauƙi, ko?"

"Inna, ƙarya na yi ranar nan."

"Ni ka zo faɗa wa? Ai ina wurin. Ci, kafin ta huce."

Daga ranar bai sake taɓa gilashin ba. Sati uku, sai ga fitilu tar da tsakar rana. Manaja ya fito yana tambaya ko na'urar ta lalace. Gwak ya janyo sandar a gaban kowa, ya hau, ya goge gilasan layi ɗaya. Fitilun da ke ƙasansu suka dusashe.

"Ranka ya daɗe, lafiyarta ƙalau," ya ce, idonsa a ƙasa. "Wannan ne aikin da na ce babu. Inna Bae ke yi."

Ba wanda ya tafa masa, kuma bai cancanta ba. An dai kira Inna ta dawo.

Ni a satin nan ciwon baya ya sa na ajiye aiki. Ranar da na je kwashe kayana, da sassafe, na iske su biyun. Ƙafar tsanin ɗaya ta daɗe tana rawa. Gwak ya shiga ɗakin cin abinci, ya ciro allon yabon, ya kife shi ya cusa ƙarƙashin ƙafar. Sannan ya riƙe tsanin da hannu biyu, Inna ta hau.