Layin Da Na Ja Ta Bayan Gidan Mama

Shekara uku na yi a ɗakin baya na gidan wata tsohuwa baƙar fata a gabashin birnin Greensboro, can ƙasar waje, lokacin da nake karatun digiri na uku a fannin zanen taswira. Mama nake ce mata. Ta yi aiki a masaƙa har gwiwoyinta suka gaza, mijinta ya rasu, 'ya'ya sun watse. Ita ta koya mini hawa bas, ita kuma ta daina sa naman alade a dafaffen ganyenta ba tare da na roƙa ba. Ba ni da kowa a ƙasar sai ita, kuma babu abin da nake tsoron rasawa kamar mutuncina a idonta.

A farkon shekarun casa'in aka zana wata sabuwar mazaɓa, doguwa siririya kamar igiyar shanya, ta bi babbar hanya tana tsintar unguwannin baƙaƙe daga gari zuwa gari. Unguwarmu na ciki. Da wannan mazaɓa ne Mama, bayan ta haura saba'in, ta fara ganin ƙuri'arta ta kai baƙin mutum majalisar tarayya. Sai wasu suka kai ƙara, suka ce an raba jama'a da launin fata, kuma tsarin mulki bai yarda da haka ba. Shari'a ta yi ta hawa da sauka tsakanin kotuna. A rediyo kuwa, masu alamar jaki da masu alamar giwa, wato manyan jam'iyyun ƙasar biyu, kullum suna zargin juna da wariya, kowa na rantsuwa shi ne mai son adalci.

Ni ɗan kallo ne. Wani Alhaji ɗan zangon Kumasi, direban tasi, ya taɓa ce mini bayan sallar Juma'a, “Malam, faɗan 'yan gida ne wannan. Kai da biza ce kawai a hannunka, ina ruwan biri da gada?” Na ga gaskiyarsa, na kama bakina.

Ana nan sai malamin da ke duba karatuna, wani Bature mai sanyin hali, ya ba ni aiki. Ya ce in zana mazaɓun jihar a kwamfuta, su fito a dunƙule, su bi iyakokin gundumomi, kada in kalli launin kowa. A gida an rene mu a kan cewa ba a tambayar malami dalili. Ya ce ja layi, sai ka ja. Wata huɗu ina ja, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗin aikin. Taswira ta fito tsaf.

Son a yaba mini ne ya kai ni. Wata Lahadi da rana, bayan ta dawo daga coci, na shimfiɗa mata taswirar a kan teburin cin abinci. Ta sa tabarau, ta bi da yatsa har ta gano titinmu.

“Ɗana, wannan jan layin fa?”

“Iyakar mazaɓa ce, Mama.”

“To mu muna ina?”

Na nuna mata. Layin ya bi ta bayan gidanta, ya haɗa unguwarmu da gonakin McLeansville da manyan gidajen Pleasant Garden, inda ƙuri'un baƙaƙe za su nutse ba a ji ɗuriyarsu ba. Sai a lokacin na ga abin da na zana.

“Wa ya sa ka?”

“Malamina.”

“Shi kuma wa ya sa shi?”

Ban sani ba. Wata huɗu ina aiki, ban san wa nake yi wa ba. Kunya ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji ba.

Ranar Litinin na tambaye shi. Ya ce lauyoyin masu ƙara ne, kuma shi zai ba da shaida a kotu da taswirar. “Na ɗauka ka sani,” in ji shi. “Ai ba ka taɓa tambaya ba.” Ba mugun mutum ba ne. Ya yi imani cewa ranar da gwamnati ta daina ƙirga launi, ranar ƙasar za ta warke, ya kuma yi mini bayani a natse. Da zan iya janyewa. Amma karatuna da izinin zamana duk a hannunsa suke, kuma na san haka sarai. Ban janye ba.

Na dawo na gaya wa Mama komai, har da cewa zan ci gaba. Ta ce, “Na ji.” Ba ta kore ni ba, ba ta rage mini abinci ba. Hira ce kawai ta ragu, muka koma gaisuwa da maganar ruwan sama. Da ta zage ni ma, da ya fi mini sauƙi.

Shari'ar ta ci gaba shekaru bayan na bar garin, an sake zana layin fiye da sau ɗaya. Abin da na riƙe shi ne ranar da malamina zai ba da shaida, aka ce ni zan ɗauko manyan taswirorin zuwa kotu a tsakiyar gari. Da safe na fito na tarar da Mama a tsaye, da gwiwoyin nan nata, tana goge farar rigata. Ita ma ta shirya, har da hular zuwa coci.

“Mama, ki bari zan yi,” na ce.

Ba ta ɗago ba. “Babu baƙin yaron da zai fita daga gidana ya tsaya gaban alƙali da yamutsattsiyar riga,” in ji ta. “Ko a ɓangaren wa zai tsaya.”

Bas ɗaya muka hau, muka sauka a tasha, muka shiga ta ƙofa ɗaya. Ta wuce wajen matan cocinsu, ni na zauna bayan malamina. Da lauya ya ce a nuna wa kotu taswira, na miƙe na ɗaga ta sama yadda kowa zai gani. Rigata kuwa babu lanƙwasa ko ɗaya.