Allurar Mahajjata

Ina karatu a Alƙahira aka neme ni in yi tafinta a wani gidan kula da tsofaffi. Akwai wani Baba a can, Bahaushen Sudan, wanda tsufa ya kwashe masa Larabci ya bar shi da Hausar kakanninsa. Lokacin sanyi ne, wata muguwar mura tana yawo a gari, irin wadda ke kayar da tsoho ba ya tashi. An zo yi wa mutanen gidan allurar rigakafi, rabinsu sun ƙi. Baba kuwa ƙirjinsa dama ba lafiya, likita ta ce in murar ta same shi haka, sai dai addu'a.

Na zauna na yi masa bayani tiryan-tiryan, ina ji da kaina. Na ce allurar tana koya wa jiki gane cutar tun kafin ta zo. Na ce gida irin wannan, ana ci tare ana kwana tare, in ɗaya ya kamu kowa ya kamu.

Ya dube ni, ya dubi allurar. Ya ce, "Yaushe za mu tashi?"

"Zuwa ina, Baba?"

"Ɗan nan, hukuma ba ta yi wa talaka allura haka kawai. Wannan ta mahajjata ce."

Na ce wallahi ta mura ce. Ya yi mini murmushin da ake yi wa wanda ba a gaya wa komai, ya naɗe hannun riga.

Da a nan ya tsaya da sauƙi. Sai ya bi ɗaki ɗaki da sandarsa da ɗan Larabcin da ya rage masa: "Hajj, yalla!" wato a taso, Hajji za a tafi. Tsofaffin da suka yi ta korar likita suka fito suka yi layi. Har wani tsoho Kirista ya shiga, wai ba za a bar shi gadin gida ba. Na ce wa likita ya kamata mu faɗa musu gaskiya. Ta faɗa da ƙarfi da Larabci, na faɗa da Hausa. Suka ce tamam, wato sun ji, suka miƙa hannuwa. Haushi ya kama ni, bayanina mai kyau bai jawo ko mutum ɗaya ba.

Daga ranar kowa ya ɗaure kayansa. Wata tsohuwa ta yafe wa maƙwabciyarta faɗan shekaru a kan taga. Baba ya aike ni kasuwar Ataba neman silifa da lema, kuma na je, don ban san yadda zan ƙi ba.

Murar ta shigo, aka rufe gidan. Ina jin labari ta waya: yawancinsu tari da ɗan zazzaɓi, suka miƙe. Wani da ya ƙi allurar har ƙarshe aka kai shi asibiti, ya daɗe a can. Baba ya kwanta, na tsorata ƙwarai, amma ya tashi.

Da aka buɗe, na same shi a bakin ƙofa, jakarsa a cinya, ya rame. Tausayinsa ya kama ni, na durƙusa.

"Baba, ma'alish, ka yi haƙuri. Babu mota, babu jirgi. Allurar nan mura kawai ta tare maka."

Ya ce kakansa ya taso daga ƙasar Haɗeja da ƙafa, da niyyar Makka, ya rasu a Sudan. Ubansa ma can ya rasu, bai taɓa cewa ya sauka daga tafiyar ba.

"Ni na kawo Masar. Ka ce ba don allurar ba, da bana an binne ni a nan?"

Na ce mai yiwuwa ne.

"To ai ta tafiya ce. Khalas, shi ke nan. Igiyar jakar nan ta saki, ɗaure mini."

Na karɓa na ɗaure masa ita tamau.