Dokar Arvo ta Gefen Hanya

Mu masu Orlund na asali ba mu taɓa yawa ba, kuma da hakan muke taƙama. Lokacin da Arvo Niemela ya sayi tasa ta farko, in ka tattaro mu daga duk arewacin Michigan ba za mu cika gidan shan kofi ɗaya ba. Wani ɗan ƙaramin kamfani ne a ƙetaren teku yake ƙera ta, 'yar guntuwar mota mai kusurwa huɗu kamar akwatin kaya. Tayoyinta duka suna ja, shi ya sa dusar ƙanƙara ba ta tsayar da ita, kuma iyakar alherinta ke nan. Hitarta gwiwar dama kaɗai take ɗumamawa, fambel ɗinta kuwa ya san ranar da kake sauri. Mu muna cewa mota ce mai hali. Matanmu suna da nasu sunan da suke kiranta da shi, ba na faɗa a gaban mutane ba ne.

Shekara talatin da wani abu Arvo ya yi yana raba wasiƙu a ƙauyukan bayan garin Marquette, inda gida da gida sai an yi tafiya. Dogo ne, siriri, ba ya dariya sai da dalili, amma in aka taɓo zancen Orlund to ka nemi kujera. Orlund uku ya kashe, kuma ba a taɓa jin ya ce ɗaya ta mutu ba, sai dai ya ce ta huta.

Da yake babu bakaniken da ke yarda ya taɓa mana ita, kayan gyaranta kuma sai ka manta ka yi oda sannan su iso, sai muka zama gatan juna. Ba a wuce Orlund a gefen hanya. Ko ba ka san mai ita ba, ko ina za ka, sai ka tsaya. Kowannenmu yana yawo da fambel na ƙari, da fulogi, da igiyar ja, da filas ɗin kofi, ba don kansa ba, don wanda zai tarar. Ranar ɗaurin auren Arvo ma haka aka yi. Amarya Lorna tana coci ana ta duba agogo, ango yana kwance a ƙarƙashin motar wani baƙo mai suna Duane Pelkie. Ya iso da baƙin mai a hannun riga, ga Duane a bayansa ya zo cin abinci. Tun daga ranar ba su rabu ba. Lorna takan ce ita dai maza biyu ta aura da mota ɗaya.

Mun yi shekaru muna yi wa jama'a wa'azi su sayi Orlund, suna yi mana dariya. Sai wani babban kamfani ya saye ta, aka fara tallarta a talabijin da kare da yara masu murmushi, mutane kuwa suka ji, suka saya. Maimakon mu yi murna, sai muka ɗauki fushi da duniya. Motar ta yi ƙiba, ta zagaye, ta daina ƙara. Ta cika ƙofar makaranta da ta kasuwa, likitan haƙori yana da ita, fasto yana da ita. Abin da ya fi yi mana ciwo, wanda ba mai faɗa a fili, shi ne ta daina lalacewa.

Duk da haka Arvo bai fitar da rai ba. A ganinsa suna dai suna ne, Orlund kuma Orlund ce. Wata ranar kaka, a hanyar bakin tafki, ya hangi sabuwa fil a fake, fitilunta suna ƙifce. Daɗi ya kama shi, don ya daɗe bai ceci kowa ba. Ya tsaya, ya ɗauko akwatin sifanu, ya ƙwanƙwasa gilashi. Wata matashiya ce a ciki, waya a kunne.

"Buɗe bonet, 'yata, kar ki damu. Fambel ne ko?"

Ta zaro ido, ta danna makulli. Arvo ya ja ƙofa, ta ƙi buɗuwa. To duk mai tsohuwar Orlund ya san maganin ƙofar da ta cije, naushi ɗaya ne mai kyau a ƙarƙashin mariƙi. Ya ajiye akwati, ya dunƙule hannu, ya ba ta. Ya ƙara. Yana yi yana ɗaga wa yarinyar hannu ta kwantar da hankalinta, ita kuwa tana ta ihu a waya.

Ɗan sandan da ya zo, Arvo ya san shi tun yana rarrafe.

"Haba Mista Niemela, me ya kai ka?"

"Taimako na tsaya yi. Orlund ce a gefen hanya."

"Motar nan lafiyarta ƙalau. Waya ta tsaya amsawa, ka zo da ƙarafa kana dukan mata ƙofa. Yanzu ba a yin haka, Baba. Ba ta haƙuri ka tafi gida."

Ya ba da haƙuri, hularsa a hannu, ta amsa ta ɗan tsagin gilashi. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da ya shige.

Ranar Asabar, a gidan kofin Bev inda muke haɗuwa, Arvo ya miƙe tsaye, abin da ba ya yi sai a jana'iza.

"Waɗannan ba namu ba ne," in ji shi. "Suna kawai suka saya. Ba su san sanyi ba, ba su san turi ba. Daga yau duk wanda ya ga sabuwa a gefen hanya, ya wuce abinsa. Ko a rami take."

"Ko a rami, Arvo?" Duane ya tambaya.

"Ko a rami. Su kira karen talabijin ya ja su."

Muka bushe da dariya, muka buga tebur. Tsofaffi ne mu da aka ƙwace wa abin alfahari, ga shi an ba mu wanda za mu raina, ai kuwa muka karɓa hannu bibbiyu. Aka riƙa kiranta dokar Arvo, shi kuma ya riƙa tafiya kamar wanda ya kafa ƙasa.

Ba a rufa shekara biyu ba gwiwarsa ta hagu ta ce ta gaji. Aka yi masa aiki, likita ya ce shi da taka kuloci har abada. Kulocin tsohuwar Orlund kuwa ko mai lafiya sai ya cije leɓe. Arvo ya ce likitan bai san mota ba. Ya gwada sau ɗaya a ƙofar gida, Lorna ce ta fito da shi daga ciki yana zufa. Ba ta yi masa gardama ba. Ta shiga gari, ta dawo da sabuwar Orlund ruwan toka, irin wadda ba ta da kuloci.

"Duk motocin duniya, Lorna, sai wannan?"

"Shekara nawa kana ce min in ba Orlund ba sai ƙafa? Ga Orlund. In ba ka so, ga ƙafa."

Aka ɓoye ta a bayan rumbun itace. Ranar Asabar Lorna takan sauke shi a bayan coci, ya ƙaraso wurinmu yana dogara sanda. In an tambayi motarsa sai ya ce tana kan gyara, uzurin da babu mai Orlund da ya taɓa ƙaryatawa. Abin kunyar da ya fi damunsa shi ne kujerar tana ɗumama baya, kuma yana so. Yakan ƙirƙiri aike don kawai ya zauna a kai. Yakan zagi motar a fili yana tuƙi, don kada ta ɗauka sun shirya.

Cikin watan Fabrairu, da rana tsaka, yana kan hanyar Big Bay shi kaɗai, barewa ta faɗo masa. Ya kauce, motar ta zame ta nutse a ramin gefen hanya, dusar ƙanƙara ta rufe gilasai ta danne ƙofofi. Bai ji ciwo ba, amma fita ta gagara, ga hanyar ba kowa.

Can sai ya ji ƙara daga nesa. Ko a mafarki ya san wannan salansar, shi ya ɗaure ta da waya da hannunsa. Duane ne. Farin ciki ya fara zuwa, kunya ta biyo baya, ya shiga shirya abin da zai ce in an tono shi. Zai ce ta Lorna ce. Zai ce aro ya yi. Ƙarar ta matso, ta zo daidai kansa, ta wuce, ta yi nisa har ya daina jin ta.

Arvo ya lafe a kan kujerarsa mai ɗumi. Tsoro ya ji, na gaske, irin wanda bai taɓa ji ba a duk shekarun da ya yi yana kwana a hanya da motocin da ba su da hita.

Sai wata murya ta fito daga rufin motar, ta mace, mai ladabi. Ta kira sunansa, ta ce daga kamfanin motar take, sun ga motar ta yi hatsari, ko ya ji rauni? Ya ce a'a. Ta ce ya zauna, janwe yana hanya. Janwe ya zo, ya fizgo shi cikin sauƙi. Arvo ya miƙa wa direban kofi daga filas, mutumin ya ce ya gode, yana da wani kiran, ya ɗauki hoton motar ya tafi.

Asabar ta zagayo. Arvo ya so ya ƙi zuwa, Lorna ta ce ba ta da wurin ajiye shi. Yana zama Duane ya fara.

"Jama'a, ran Talata na ga ɗaya a rami a hanyar Big Bay! Ruwan toka, ta kafa kai a ƙanƙara, gindi a sama. Na ce sannu da hutawa, na ƙara mai."

Aka kwashe da dariya, kowa ya juyo yana kallon Arvo, a ji me mai doka zai ce. Da ya yi dariyar nan da shi ke nan, babu wanda zai sani har abada. Ya juya kofinsa a kan tebur.

"Ni ne a ciki," ya ce.

"Kai ne a ina?"

"A ramin. Motata ce. Lorna ta saya tun da aka yi min aiki."

Wani ya fara dariya, ya ga ba a taya shi ba, ya haɗiye. Arvo ya sunkuyar da kai yana jiran tsiya, ya san ya ci bashinta, ya kuma shirya biya. Amma Duane ba tsiya ce a fuskarsa ba. Jini ya gudu daga fuskar.

"Ka ji ƙarar motata?"

"Na ji."

"Ka san ni ne?"

"Na sani."

"Ƙafata da kanta ta hau birki, Arvo. Da ƙarfi na ɗauke ta. Tun ran Talata ban yi barcin kirki ba, ina ta cewa in da yara a ciki fa? Na zo nan ina ba da labari da dariya don ka ce min na yi daidai." Ya miƙe, ya ɗauki hularsa. "Tunda nake ban taɓa wuce mutum a hanya ba. Kai ka koya min tsayawa, kai ka koya min wucewa, ni kuma da wautata na bi ka duka biyun."

Ya fita. Mu sauran kowa ya sa ido a cikin kofinsa, don babu wanda bai kawo irin wannan labarin teburin nan ba a wannan hunturun.

Arvo ya lalubo sandarsa ya bi shi, gwiwar tana hana shi sauri. Bai damu sosai ba. Ya san motar Duane, a sanyi irin wannan sai an yi ta lallashi, an buɗe bonet, an yi turi, kuma a wurin turin nan babu maganar da ba ta gyaruwa. Yana isa bakin ƙofa Duane ya murɗa makulli. Bugu ɗaya ta tashi.

Arvo ya tsaya a bakin titi da sandarsa, yana kallon hayaƙinta har ta sha kwana.