Malam A-yi-shiru da Zaman Masu Sauti

Haihuwa da Karatu

An haifi marigayin, wanda abokan sana'arsa suka fi sani da Malam A-yi-shiru, a shekarar 1958 a wani ƙaramin gari da layin dogo ya raba biyu. Mahaifinsa mai gyaran rediyo ne, mahaifiyarsa kuwa ɗinki take yi a gida, don haka a tsakanin ƙugin rediyo da ƙarar keken ɗinki ya buɗe ido. Ya shiga firamare a 1965, ya zarce makarantar koyon sana'a a 1972, kuma shaidar da malamansa suka yi masa ita ce yana da kaifin kunne amma bakinsa ba ya hutawa.

Aiki da Aure

A 1978 ya kama aiki a sashen wasan kwaikwayo na gidan rediyo, inda yake murza takarda ta zama gobara, ya girgiza kwanon rufi ya zama tsawa. A 1984 ya auri wata malamar makaranta, wadda ta ba shi kyautar agogon hannu irin wanda ake murzawa kowace safiya, mai bugawa da ƙarfi kamar an aike shi.

Ya koma ɗaukar sautin fim a 1993, kuma a can ya sami laƙabinsa. A ƙa'idar sana'ar, idan an gama ɗaukar fitowa, mai sauti yakan sa kowa ya tsaya cik na ɗan lokaci ya naɗi shirun ɗakin, domin kowane ɗaki da irin shirunsa, kuma da shi ake cike giɓi wajen tacewa. Daraktoci masu gaggawa sun sha yi masa tsaki, bai taɓa ɗaga wa ɗayansu ƙafa ba. Mai ɗakinsa takan ce tana mamakin mutumin da ke sa duniya shiru, alhali a gida shi ne rediyon da ba ya da makunni.

Kafa Zaman

Babban abin da ke ci masa rai shi ne masu sauti ba su san juna ba. Sunansu yakan fito a ƙarshen fim bayan masu kallo sun watse, kowa yana kulle a ɗakinsa da abin ji a kunne, idan makirfonsa ya lalace ba shi da wanda zai ara masa, idan aiki ya yi masa yawa bai san wa zai miƙa wa ba. A 2003 ya share tsohon shagon mahaifinsa, ya jera benci, ya fara kiran zama a Asabar ɗin farko ta kowane wata. Ana buɗe zaman ne da naɗar shirun shagon, sannan a saurari aikin juna, a yi suka, a yi dariya, a yi musayar lambar waya. Da yawa a kan bencin nan suka sami aikinsu na farko.

A wurin aiki yakan cire agogonsa, amma a zaman bai taɓa cirewa ba, saboda haka babu shirun da aka naɗa a shagon da ba a jin bugunsa a ciki. Wannan ya zama abin tsokana na shekara da shekaru, shi kuwa yakan ce kunnuwansu ne ke ƙaiƙayi.

A 2012 matasa masu haɗa sautin wasannin kwamfuta suka fara zuwa, ciki har da autarsa. Dattawan fim suka ce ba za su haɗa benci da masu wasan yara ba, matasan suka yi fushi suka fara neman nasu wurin, zaman ya kama hanyar darewa biyu. Marigayin, wanda shi kansa bai taɓa fahimtar wasannin ba, ya ƙi yarda. Ya riƙa haɗa dattijo da matashi a aiki ɗaya: wannan ya kawo tsofaffin kaset ɗinsa na sautin kasuwa da jirgin ƙasa, wancan ya wanke masa su a kwamfuta. Kafin shekara ta zagayo, waɗanda suka fi kowa ɗaga murya su ne ke riga kowa kiran yaran a waya.

Shekarun Ƙarshe

Daga 2018 jinsa ya fara raguwa, har ya kai shi kaɗai ne a shagon ba ya jin agogon. Bai yi ƙorafi ba, ya ci gaba da zuwa yana zama yana kallon fuskokin masu saurare cikin jin daɗi. Fargabarsa guda ce, kuma ya faɗa wa autarsa: “Ina tsoron ranar da ba ni, kowa ya koma ɗakinsa ya rufe ƙofa.”

Rasuwa

Allah ya yi masa rasuwa a 2023 bayan gajeriyar jinya, yana da shekara sittin da biyar, aka binne shi kusa da mahaifinsa, masu fim da masu wasanni suna kafaɗa da kafaɗa a bakin kabarin. A Asabar ɗin farko bayan haka shagon ya cika maƙil, aka naɗi shiru kamar kullum. Da aka saurara sai aka ji shi fes, babu ko ɗigon ƙara, irin wanda suka shekara ashirin suna nema, kuma babu wanda ya iya jin sa har ƙarshe. Dattijon da ya fi kowa tsokanar agogon shi ne ya miƙa hannu ya kashe rakodar.

Marigayin ya bar mata ɗaya da 'ya'ya huɗu: babban ɗansa injiniyan ruwa, mai bi masa ma'aikaciyar jinya, na ukun direban babbar mota, sai autar, wadda ke jagorantar zaman a yau. A watan da ya biyo bayan wancan zaman ta zo da agogon a hannunta, ta murza shi a gaban kowa, ta ce a yi shiru. Har yanzu ana jin bugunsa a kowane shirun da aka naɗa a shagon, kuma ba a sake jin wanda ya ce a cire shi ba.