Ranar da Inna ta tada gaɗa a layin likitan ido

Shekarun baya, lokacin da salula ba ta iya komai ba sai kira da amsa kira, na ɗauko mahaifiyata daga ƙauyenmu can ƙasar Gobir na kawo ta gidana a unguwar Bobiel, nan Yamai. Ciwon yana ya rufe mata ido biyu, in ka tsaya gabanta inuwa kawai take gani. Likita ya duba ya ce aiki za a yi, amma sai hawan jininta ya sauka tukuna. Aka sa mu jira.

Jiran nan ya so ya ƙarar da ni. Inna macen da a ƙauye in ba ta zo biki ba a ce biki bai yi armashi ba, ta zo Yamai ta zama kamar an ɗinke mata baki. Maƙwabtana Zabarmanci suke yi, ita kuwa ko gaisuwar "fofo" ba ta iya mayarwa. Ta ɗaure kayanta a zane ta ajiye gefen tabarma, ta hana kowa kwancewa. Kullum maganarta ɗaya ce: "Ke, kai ni tasha. Abin da zan gani a duniya na gan shi."

Ni kuwa kun san halina. Na ce, "Inna, ko za ki tsine mini, ba inda za ki da idon nan." Sai dai na san matar da ta haife ni. Ranar da ta yi niyya da gaske, da lalube za ta fita ta nemi mota.

Lokacin ina ajin yaƙi da jahilci, da girmana da furfurata. Wata ƙawata da muke benci ɗaya ta zo da wani ɗan abu rataye a wuya kamar laya, igiya biyu sun shige kunnenta. Ta ce sunansa MP3, mu nan empetirwa muke cewa. Ta sa mini a kunne, sai na ji kamar makaɗin a cikin kaina yake zaune. Take na ce wannan na Inna ne.

Na tafi unguwar Kalley, butik ɗin wani dattijo mai tsiyar baki. Ya baje mini su kala-kala. Ni da na fara haɗa baƙi, idona ya tafi kan wani mai ɗan gilashi da rubutu ke gudu a ciki. Na tsaya ina karantawa da ƙarfi don kowa ya san ba jahila ta shigo ba.

Ya ce, "Hajiya, wa za a saya wa?"

Na ce, "Tsohuwata. Ba ta gani."

Ya ce, "To ke za ki karanta mata rubutun, ko so kike ki nuna mata kin yi lakwal, kin iya boko?"

Na ce, "Malam, kaya na zo saye, ba wa'azi ba."

Bai ko kula ni ba. Ya ɗauko wani ɗan ƙarami, bai kai gidan ashana ba, babu gilashi, babu rubutu, sai maɓallai da suka taso. Ya ce in rufe ido in taɓa. Na rufe. Wallahi yatsana da kansa ya gane na tsakiya, ya gane na gefe. Ga wani ɗan maƙali a baya da ake kama shi a bakin zane. Na saya, don gaskiya in ta fito ba na jayayya da ita. Ina fita ya ɗaga murya: "Sai an sharje shi fa!"

Na ce na sani, ni ba baƙauya ba ce.

Na zo gida na maƙala shi a kuran, wato wutar lantarki, wuni guda. Na kunna, shiru. Na sake maƙalawa, na sake kunnawa, shiru. Washegari na ɗaure ɗankwali na koma Kalley da niyyar a ji mu har Babbar Kasuwa. Na dangwarar masa da abin, na ce ya sayar mini da bebe. Ya tambaye ni wa ya sharje mini. Na ce kuran ɗin gidana. Mutumin nan ya yi dariya har hularsa ta zame. Ashe sharje biyu ne a garin nan: akwai na wuta, akwai na zuba waƙoƙi a ciki. Ni na ba shi wuta ya ƙoshi, ban ba shi abin faɗa ba.

Da ya gama dariyarsa ya tambaye ni ƙasarmu da shekarun Inna. Ya daɗe yana tono a na'urarsa, ya zubo tsofaffin waƙoƙin gaɗa da na biki, irin waɗanda aka kwashe daga kaset, har ana jin tafin 'yan mata da kukan akuya a baya.

Inna da fari ta ƙi. Ta ce, "Ido ya tafi, yanzu kunnen kuke so ku toshe?" Na lallaba na sa mata. Can na ga babban yatsan ƙafarta yana motsi a kan tabarma. Ta zare igiya ɗaya ta ce, "Ke, kina jin abin da nake ji?" Na ce a'a. "Maƙwabta fa?" Na ce, "Inna, ba mai ji sai ke." Ta ce, "Ikon Allah." Kafin a jima ta iya kunnawa da kashewa da tsallake wadda ba ta so, duk da lalube. Ta fara cin abinci. Amma ƙunshin kayan nan bai kwance ba.

Ranar da za mu koma a sake auna ta, tun a taksi ta yanke mini hukunci: "In suka ƙara cewa a jira, daga can sai tasha. Na faɗa miki."

Muka tarar da layi har waje. Tsofaffi jere a benci, wasu da auduga a ido, ba mai magana da kowa. Inna ta laluba bakin zanenta ta danna. Ina can ina tunanin yadda za mu kwashe da ita in aka ce a jira, sai na ji murya ta tashi a gefena. Ba ƙasa-ƙasa ba. Irin muryar da ake tada dandali da ita. Inna ce, ido a rufe, tana ba da waƙar 'yan mata, har da karya wuya. Ashe tun ranar da na ce mata ba mai ji sai ita, ta ɗauka duk wanda ya sa abin nan a kunne ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa.

Kunya ta kama ni kamar ƙasa ta tsage. Na kai hannu zan zare igiyar, sai wata tsohuwa mai auduga a ido ɗaya ta riƙe mini hannu gam. Ta ce, "Bar ta, 'yar nan." Da Inna ta kai inda ake amsawa, matar nan ta buɗe baki ta amsa. Wata daga ƙarshen benci ta kama tafi. Wani tsoho ya ce, "A'uzubillahi, a likita?" amma sandarsa na bugun ƙasa daidai da tafin.

Sai ga malamar jinya ta fito a fusace, Bazabarma, doguwa. Ta dubi tsagen fuskar Inna, sai fushin ya koma dariya. Ta ce da Hausarta mai ɗan karkace, "Ai na sani. Wa zai tada biki a likita in ba Bagobira ba?"

Na zare wa Inna igiyar. Ta ji tafi bai tsaya ba. Ta ce, "Ke, wa ke amsa mini? Ba daga cikin abin ba ne?" Na ce, "Inna, duk layin nan ya ji ki." Ta ja mayafi ta rufe fuska. Na ce shi ke nan, yau ko an yi aiki ko ba a yi ba sai tasha.

Malamar ta matso ta ce, "Kaka, ci gaba mana. Ko waƙar ma ta fi ƙarfin Gobirawa?"

Kun san tsakaninmu da Zabarmawa wasa ne tun kakanni, kuma Bagobira ba ta barin taubashi ya ci bulus. Daga cikin mayafi na ji Inna ta ce, "Wace ce wannan? 'Yar kopto ce? Je ki kwaɗa ganyenki, waƙa ba ta masu cin ciyawa ba ce." Benci ya kwashe da dariya. Rabona da in ji Inna ta zagi mutum da daɗi haka tun muna ƙauye.

Aka auna ta, aka ce jini ya sauka amma da saura, a ƙara jira. Muka fito. Na ce a hankali, "Inna, tasha?" Ta ce, "Tashar me? Matar nan da ta amsa mini ta wajen Madawa ce, tana nan unguwar Banifandou gidan ɗanta. Ta ce an yi mata ido ɗaya ko zafi ba ta ji ba. Kuma akwai baitin da take amsawa ba daidai ba, sai na gyara mata. Gobe ki kai ni."

Daga baya jini ya sauka, aka yi aikin, ido biyu, ɗaya bayan ɗaya. Ranar da aka cire audugar farko, ta ɗaga abin da ke bakin zanenta ta juya shi ta ce, "Ashe duk mutanen nan a cikin ɗan wannan suke?" Sannan ta dube ni da kyau ta ce, "Ke kuma yaushe kika tsufa haka?"

Har yau in na tuna, mamaki biyu nake yi. Na ɗan abin da bai cika tafin hannu ba amma ya ɗauko dandalin ƙauyenmu ya kawo Yamai, da na matar da kunya ta rufe a gaban mutane ta fito daga mayafi da zagi a baki. Ni na yi ta faɗa da ita a kan ido, ina ganin taurin kai ne ke jan ta gida. Ban gane ba kewa ce. Masu tsofaffi a gida, ku ba su magani, ku ba su tuwo, amma ku duba ko akwai wanda ke amsa musu in sun yi magana.